Mece ce ruɓewar saiwa a furen okid?

Ruɓewar saiwa cuta ce da yawan ban ruwa ke jawowa. Okid nau'in Phalaenopsis, ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya, a jikin bishiya yake rayuwa, saiwoyinsa na shan iska. In ruwa ya kwanta a tukunya, iska ta yanke, sai saiwa ta yi baƙi ta lotse, ganye ya yi yaushi. Masu ajiye shi a ɗaki kan ce ai ƙishi ne, su ƙara ruwa. Ƙishin gaskiya ne, amma ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya sha. A ciro furen, a datse ruɓaɓɓun da almakashi mai tsabta, a dasa cikin sabon ɓawon itace a tukunya mai huji. Kada a shayar sai ɓawon ya kusa bushewa.