Jita da Fiyano: Tafiyar Kiɗan Zamani Daga Kaduna da Jos Zuwa Abuja

Kiɗan rok da na pop sun shigo Nijeriya ne ta faifan garmaho da akwatin rediyo a shekarun 1960, amma sai bayan da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 suka yi ƙarfi. A Legas aka sami ƙungiyoyi irin su BLO da Ofege, ta ɗaliban makarantar sakandare, a Aba kuma Funkees. Legas ta yi tashen da har Paul McCartney na Beatles ya zo ya naɗi faifai a situdiyon EMI a 1973. Tsarin kiɗan bai da wuyar ganewa: jita biyu ko uku, da mai ganguna, da mai rerawa, kowa yana aiki da hannunsa a lokaci guda. Idan ɗaya ya kuskure, duka sun kuskure.

Arewa ba ta zauna kallo ba. A Kaduna, Bala Miller, ɗan asalin Zariya wanda ya rasu a 2003, ya tara babbar ƙungiya mai jita da kayan busa, ya rera waƙoƙi da Hausa tsantsa, gidan talbijin na ƙasa kuma ya riƙa nuna shirinsa. Bongos Ikwue, mutumin Otukpo, ya goge a kiɗa tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, shi ne kuma mai waƙar buɗe wasan kwaikwayon Cock Crow at Dawn da aka shirya a Jos a farkon shekarun 1980. Wanda ya saurari faifan Bongos a yau zai ji abin da ya yi ƙaranci a kiɗan yanzu, wato sarari: jita ta yi magana ta yi shiru, murya ta shigo ba gaggawa, babu abin da ke danne wani.

Duk da haka wannan salo bai yi saiwa a cikin Hausawa ba, kuma dalilan a fili suke. Makaɗan gargajiya irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos suna da iyayen gida da filin biki, ba su bar wani giɓi ba. Kiɗan jita kuwa a otal da kulob yake kwana, wuraren da mutumin cikin gari ke kira bariki, ba kuma kowane uba zai yarda a ga ɗansa a can ba. Sai tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kayan kiɗa suka yi tsada, ciyar da makaɗa goma ya gagari mutum ɗaya. Inda jita ta samu mafaka shi ne coci, musamman a Jos da kudancin Kaduna, inda irin su Panam Percy Paul suka riƙe ta, yara kuma suka koye ta a wurin ibada.

Abin da ya ci kasuwar waƙar Hausa daga ƙarshen shekarun 1990 shi ne fiyano, musamman ƙirar Yamaha, wadda ta shigo ta finafinan Kano. A cikinta akwai muryar ganga da sarewa da goge, saboda haka mutum ɗaya ya maye gurbin ƙungiya. Yadda ake aikin ya isa kallo. Mawaƙi ya shigo ɗan ƙaramin ɗaki da baitocinsa a takarda ko a waya, ya rera amshi sau biyu, mai buga kiɗa ya lalubo karin da yatsunsa, ya shimfiɗa ganga, ya ɗora sarewa. Daga nan mawaƙin ya shiga ya ɗora murya, a kira mace ta ɗora tata, a gyara muryoyin da kwamfuta. Kafin la'asar waƙa ta fito. Daga wannan ɗaki aka sami waƙoƙin nanaye, aka sami Fati Nijar da Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, har zuwa Hamisu Breaker, wanda waƙarsa Jarumar Mata ta mamaye wayoyi lokacin kullen annoba a 2020. Ƙarfin wannan salo yana cikin kalmomi da daɗin kari, kuma a nan ba a yi masa gori. Rauninsa kiɗan ne, domin waƙa goma kan hau shimfiɗa ɗaya.

A ƙetaren iyaka labarin ya sha bamban. Abzinawan Nijar da Mali sun rungumi jita har ta zama tasu. Bombino na Agadas ya kai ga shiga takarar lambar Grammy, ƙungiyar Tal National ta Yamai kuma tana rera wasu waƙoƙinta da Hausa a kan jita mai gudun tsiya. Mafi ban sha'awa shi ne Mdou Moctar, bahagon makaɗin da ake sa shi a sahun gaba na masu jita a duniya a yau. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da fiyano da gyaran murya irin na waƙoƙin fim. Waƙoƙin suka bazu a Sahara daga waya zuwa waya, kafin ya fito da faifan Afrique Victime a 2021 a wani kamfanin Amurka. Wannan ya nuna cewa salon biyu suna iya zama inuwa ɗaya.

Abuja, wadda gwamnati ta tare a cikinta a Disambar 1991, ta gaji duka biyun. A nan Styl-Plus suka yi zama lokacin da waƙarsu Olufunmi ta fito a 2003. A nan kuma kamfanin Chocolate City na su Audu Maikori ya soma, mawaƙinsa na farko shi ne Jeremiah Gyang na Jos, wanda waƙarsa Na Ba Ka ta tabbatar da cewa Hausa tana hawa kiɗan zamani irin na masu jita ba tare da ta yi tuntuɓe ba, har waɗanda ba sa jin harshen suka haddace amshinta. Bayansu aka sami Lady Donli, mai faifan Enjoy Your Life na 2019, wadda ke tafiya da makaɗa tana kuma tsarma Hausa, da Bloody Civilian da Odumodublvck. Sai dai kusan duk wanda ya yi suna yakan karkata Legas, inda kamfanoni da kuɗin talla suke. Abuja ta yi reno, wani ya ci moriya.

Masu sauraro ma kashi biyu ne. A lambunan shaƙatawa na Wuse da Garki da Jabi, makaɗan jita, waɗanda yawancinsu a coci suka koya, suna buga tsofaffin waƙoƙin Turai da na kudu. A Nyanya da Gwagwa da Zuba da Mararaba ta bakin iyakar Nasarawa, waƙar Ado Gwanja ce ke tashi daga shagon cajin waya. A manyan ɗakunan biki kuwa, idan an ɗauko mawaƙi daga Kano ko Kaduna, da wuya ya zo da makaɗi ko ɗaya. Mai sarrafa na'urar kiɗa ya saki waƙar, mawaƙi ya riƙe abin magana yana bin muryar kansa, ana yi masa liƙi. Abin takaici ne, domin a wannan gari akwai makaɗan da za su iya tayar masa da kiɗan a tsaye.

Sharhi shi ne ya kamata ya nuna wannan giɓi, amma bai yi ba tukuna. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi aiki mai yawa, na farko a kan waƙar baka, na biyu a kan waƙar fim da ta matasa. A rediyo da Facebook kuwa, abin da ake aunawa shi ne ma'anar baiti, da tarbiyya, da wanda aka yi wa habaici. Ba a cika tambayar wane ne ya buga kiɗan ba, sau da yawa sunansa ma a bakin mawaƙi kawai ake jin sa, cikin gaisuwar ƙarshen waƙa. TikTok ya ƙara taƙaita abin, domin amshin da za a taka rawa da shi na 'yan daƙiƙoƙi ake nema, cikakken faifai mai waƙoƙi goma da za a zauna a saurara daga farko zuwa ƙarshe kuwa kaɗan ne daga mawaƙan Hausa ke wahalar shirya shi yanzu.