Me ya sa kifin kiwo yake ɓuya?

A manyan birane kamar Yamai, akan ga kifi cikin akwatin gilashi a wasu gidaje. Wannan kifin ado ne. A karkara kuma, mutane suna kiwon kifi cikin rami ko kwamin siminti a bakin garka, don ci da saidawa. Amma kukansu ɗaya ne da na mai akwatin gilashi: an zuba kifi, kifi ya ɓuya, ba ya fitowa, ba ya cin abinci.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kifin da ba ya ci, ba ya girma. Dusar da aka watsa masa ta nutse, ta ruɓe, ta ɓata ruwa. Asara biyu ke nan ga mai kiwo.

Ɓuya halin kifi ne

Kifi yana da abokan gaba da yawa. Zalɓe yana jiransa a bakin ruwa. Guza da maciji suna binsa har ciki. Kwaɗi suna haɗiye ɗiyansa. Babban kifi ma yana cin ƙarami. Shi ya sa duk inuwar da ta gitta bisa ruwa, kifi yana ɗaukarta tsuntsu ne, sai ya nutse.

Kifi ba shi da fatar ido, ba ya iya rufe idonsa. Rana mai ƙarfi cikin ruwa garau tana damunsa. Yana kuma da wani layi a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya. Da shi yake jin motsin ruwa, ko cikin duhu. Ƙara tana gudu cikin ruwa fiye da yadda take gudu cikin iska har sau 4. Don haka daka a turmi kusa da kwami, da injin ban ruwa, da gujegujen yara, duk suna isa gare shi. Yaron da yake ƙwanƙwasa gilashin akwati yana ganin wasa ne. Ga kifi kuwa, tsawa ce.

Akwai wani abin mamaki. A shekara ta 1938, wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, ya gano cewa in fatar wasu kifaye ta ji rauni, tana sakin wani abu cikin ruwa. Ƴan'uwansu da suka sansana shi sai su watse. Dangin tarwaɗa suna cikin irin waɗannan kifaye. Kamun ganganci da ya raunata kifi ɗaya yana iya tsorata saura.

Kowane kifi da nasa dalili

Tarwaɗa kifin dare ce. Da rana tana kwance a ƙasa, cikin duhu. Da yamma take fitowa, tana laluben abinci da gashin bakinta. Wanda bai ganta da tsakar rana ba, kada hankalinsa ya tashi. Ya ba ta abinci da maraice. Sai dai tarwaɗa tana cin ƴar'uwarta. In an haɗa manya da ƙanana, ƙananan ba za su fito ba, kuma kullum suna raguwa. A riƙa raba su bisa ga girmansu.

Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, da rana take kiwo. Namiji yana gina ɗan gurbi a ƙasan ruwa, yana korar duk wanda ya matso. Macen kuwa tana ɗaukar ƙwai cikin bakinta wajen mako 2. A wannan lokaci tana keɓe kanta, ba ta ci. Ba ciwo ba ne, reno take yi. Ko bayan ɗiyan sun fito, da sun ji tsoro sai su koma bakin uwa.

Sanyi ma dalili ne. Cikin Disamba da Janairu, lokacin ɗari, karfasa tana sauka ƙasa, ta rage ci. In zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 16, kusan ba ta taɓa abinci. A rage dusa a lokacin, kada ta ruɓe a banza.

Yadda za a kwantar masa da hankali

Mutane da yawa suna cewa: in an ba kifi maɓoya, ai ba za a sake ganinsa ba. Ba haka ba ne. Kifin da ya san yana da wurin gudu kusa, shi ne yake fitowa fili ya ci. Wanda aka bari a kwami fayau, shi ne yake maƙalewa a kusurwa. Masunta sun san kifi yana taruwa a gindin ciyawa da ƙarƙashin bado. A ƙasar Benin, a tabkin Nokuwe, masunta suna kafa rassan itace cikin ruwa, kifi ya taru a ciki ya hayayyafa. Sunan wannan dabara akaja.

Kayan maɓoya suna nan a gida. Fasasshen tulu ko tsohuwar tukunyar ƙasa, a wanke ta da ruwa zalla, a kwantar da ita. Guntun tiyo mai faɗi ma yana yi. A sa da yawa, don kada mai ƙarfi ya kame guda ɗayan. A shimfiɗa zana bisa gefe ɗaya na kwami don inuwa, a bar sauran a buɗe. Rami kuma ya kai zurfin metir 1 zuwa metir 1 da rabi a gefe ɗaya. A can kifi zai tsira daga zafin rana da bakin zalɓe.

Hattara da abin da ake jefawa cikin ruwa. Aduwa dafi ce ga kifi, ɓawonta da ƴaƴanta. Majimfa ma haka. Bokitin da ya taɓa sabulu ko maganin ƙwari, kada ya kusanci kwami.

Sabon kifi baƙo ne. In an kawo ɗiyan kifi cikin leda, kada a juye su nan take. A ɗora ledar bisa ruwan kwami minti 20, zafin ruwan biyu ya daidaita. Sannan a buɗe, a bar su su fita da kansu. Za su ɓuya kwana 2 ko 3. A bar su. Ruwan pampo na birni yana da jabel, a ajiye shi a buɗe kwana 1 ko 2 kafin a zuba. Abinci kuma a riƙa ba da shi wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Ba da jimawa ba kifi zai saba, har ya riƙa tarbar mai shi.

In ɓuya ta zama ciwo

Kifin da ya ware shi kaɗai kwana da kwanaki, ko yana goga jikinsa ga bango, ko farin tabo ya fito masa, ba tsoro ke damunsa ba. Haka in an ga karfasa da asuba ta taru a sama tana buɗe baki: iska ta yi ƙaranci cikin ruwa. Tarwaɗa ita tana leƙowa ta shaƙi iska ko da lafiya lau take. In an ga waɗannan alamu, a tsai da abinci, a kwashe kashi ɗaya cikin 4 na ruwan, a zuba sabo. In kwana 2 sun wuce babu sauƙi, a nemi ma'aikacin ruwa da dazuzzuka mai kula da sha'anin kifi, a kai masa kifi ɗaya da ransa cikin bokiti.