Ƙwaro mai ɓawo: Yadda za a gane shi da hanyoyin kawar da shi daga lambu

Sau da yawa mai lambu kan wayi gari ya tarar ganyen lemonsa ko na mangwaronsa ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, yana danƙo, tururuwa kuma na hawa da sauka a jikin itacen. Abin da yakan fara yi shi ne ya garzaya kasuwa ya sayo maganin feshi mai ƙarfi. Bayan 'yan makonni abin ya dawo, wani lokaci ma fiye da da. Dalili kuwa shi ne bai ga mai laifin ba, alhali yana manne a reshe a gaban idonsa.

Mai laifin shi ne ƙwaro mai ɓawo, wanda masana suka tantance ire-irensa kusan 8,000 a duniya. Wahalar gane shi ita ce bai yi kama da ƙwaro ba. Macen, wadda ita ce ke ɓarna, ba ta da fiffike, kuma da zarar ta sami wurin zama sai ta soka siririn bakinta cikin jikin shuka ta dinga tsotson ruwansa, galibi ba ta sake gusawa har ta mutu. Abin da ido ke gani ɗan tudu ne kawai, ruwan ƙasa ko fari ko rawaya, wanda sau da yawa bai wuce ƙwayar gero ba, jere a bayan ganye kusa da jijiya, ko a kan ɗanyen reshe da 'ya'yan itace.

Gwajin farko ba ya bukatar komai sai farce. A kankare ɗan tudun. Idan ya ɓanɓaru cikin sauƙi ya bar jikin shuka lafiya, ƙwaro ne. Idan an murtsuke shi ya fitar da ruwa yana da rai, idan kuwa ya ruɓushe kamar busasshen ƙaiƙayi, ya riga ya mutu.

Akwai manyan kashi biyu da ya kamata a bambanta. Masu taurin ɓawo suna gina wa kansu murfi da ake iya ɗagawa a ga ƙwaron a ƙarƙashi. Ba sa fitar da danƙo, sai dai ganye ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, ya zube, reshe ya fara bushewa daga sama. Masu taushin ɓawo kuwa, da danginsu masu farin gari kamar auduga, suna fitar da ruwa mai zaƙi irin darɓar da manoma suka sani a ganyen dawa. A kan wannan danƙon ne baƙar fumfuna ke tsirowa ta tare wa ganye hasken rana. Ke nan baƙin ganye alama ce, tushen ciwon yana wani wuri.

Ba ƙaramin abu ba ne idan ya yi yawa. A shekarun 1980 wani nau'insa mai suna Aonidiella orientalis ya far wa itatuwan dogon yaro a yankin Tafkin Chadi, ya yi musu mummunar ɓarna, duk da ɗacin ganyen da kowa ya sani.

Me ya sa feshin guba ba ya cika yin aiki? Ɓawon da kakin da ke jikin ƙwaron suna hana magani ratsawa, amma abokan gabarsa, waɗanda ke yawo a fili, su ne ke mutuwa. Cikinsu akwai ɗan ƙwaron nan mai zagayayyen baya da ɗigo-ɗigo, da wasu 'yan mitsi-mitsin dangin zanzaro da ke saka ƙwai a cikin jikinsa. Duk ɓawon da aka ga an huda masa ɗan zagayayyen rami, shaida ce cewa suna bakin aiki. Tarihin jihar Kalifoniya ta Amurka ya isa misali. Wani nau'i mai kama da auduga ya kusa durƙusar da gonakin lemo a can, sai a 1888 aka tura masani Albert Koebele zuwa Ostireliya, ya aiko da ƙwaron Vedalia mai cin sa, kuma cikin ɗan lokaci aka shawo kan matsalar. Da aka fara feshin DDT a shekarun 1940, Vedalia ta mutu a wurare da yawa, annobar ta sake tasowa.

Saboda haka aiki yana farawa da hannu. A yanke rassan da suka cika da ƙwarin a ƙone su, a rage cunkoson ganye don iska da rana su shiga. Idan shukar ƙarama ce, tsohon buroshin goge baki da ruwan sabulu sun wadatar. A riƙa wanke ganye da ruwa mai ƙarfi, musamman lokacin hunturu, domin ƙura na hana abokan gabar ƙwaron aiki. A kuma sassauta da takin yuriya, saboda yawansa na fito da ganye mai taushi da ƙwarin ke so.

Tururuwa kuwa 'yan gadi ne. Suna shan danƙon, su kuma kori duk abin da ya zo cin mai samar musu da shi. A naɗa leda a gindin itacen a shafa giris a kanta, kada a kan ɓawon itacen kai tsaye, sannan a datse duk reshen da ya taɓa ƙasa ko katanga.

Idan sai an yi feshi, mai ya fi guba, domin toshe wa ƙwaron kafar numfashi yake yi. A haɗa kofi huɗu na man girki da kofi ɗaya na sabulun ruwa, a kaɗa har ya yi fari, a zuba babban cokali ɗaya na haɗin cikin lita ɗaya ta ruwa. A jiƙa bayan ganye da rassa sosai, tun da wanda feshin bai taɓa ba ba zai mutu ba. A yi shi da yamma bayan an ba shukar ruwa, ban da tsakar rana ko ranar da zafi ya haura digiri 32, kuma a fara gwadawa a reshe ɗaya a jira kwana biyu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ar da aka ƙyanƙyashe 'ya'yan, suna rarrafe tsirara ba su yi ɓawo ba tukuna. A naɗa salatif a reshe, gefen danƙon na waje, a riƙa dubawa duk mako. Ranar da aka ga ɗigo-ɗigon rawaya ko ja sun manne, a yi feshi, a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14. Mataccen ɓawo yakan daɗe manne a reshe, don haka kafin a yanke hukunci cewa magani bai ci ba, a sake gwadawa da farce. Sabon dashe da aka sayo kuma, a ware shi gefe na mako biyu ana duba bayan ganyensa kafin a haɗa shi da sauran.