Kafar Sauti a Kayan Kiɗa Masu Tsirkiya: Daga Goge Zuwa Jitar Gwangwani



Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkara, ko a Bauranya ne ko a wani ƙauye na ƙasar Kankiya da Kusada, ya san jitar da yara ke ƙerawa da hannunsu. Galan ne na mai, ko ɗan akwatin katako, a zura masa sanda, a ɗaura wayar birkin keke ta zama tsirkiya, sa'an nan a huda fuskarsa da ƙusa ko wuƙa. Wani yaron tasa ta yi zaƙi, wani kuwa tasa ta yi shiru kamar an toshe mata baki, alhali kayan haɗin iri ɗaya ne. Sau da yawa bambancin yana ga hudar nan, wadda zan kira kafar sauti. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana aikin wannan kafa, da dalilin da ya sa inda aka yi ta yake da muhimmanci, a kuma nuna cewa masu haɗa kayan kiɗanmu na gargajiya sun daɗe da warware matsalar.

Aikin kafar sauti

Akasarin mutane suna zaton sauti yana taruwa ne a cikin akwati, ya biyo ta kafar ya fito, kamar hayaƙi ta taga. Lamarin ya wuce haka. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da ƙarfin motsa iska, saboda sirantakarta. Idan aka kaɗa ta, sai ta miƙa rawar da take yi ga jaki, watau ɗan iccen da take bisa kansa, jaki kuma ya miƙa wa fuskar akwatin. Fuskar nan, ko fata ce ko katako ko ƙarfe, ita ce ke kai da komo tana tura iska, kuma daga gare ta yawancin sautin yake fitowa. A 1862 wani maƙerin jita na ƙasar Sifen, Antonio de Torres, ya gwada wannan a aikace. Ya yi jita mai baya da gefuna na takarda mai kauri, fuskarta kaɗai ce ta katako mai kyau, ta kuwa yi sauti.

To, mene ne aikin kafar? Mu ɗauki misalin tulu. Macen da ke cika tulu ba ta bukatar leƙawa, kunnenta ya ishe ta, domin muryar tulun tana ƙara siranta yayin da ruwa ke hawa. Iskar da ke bakin tulu tana shiga tana fita, wadda ke ciki kuwa tana matsewa tana sakewa, sai su ba da murya guda wadda girman ciki da faɗin baki suka ƙayyade. Wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1863. Ƙa'idar ita ce: ciki babba, murya mai kauri, baki mai faɗi, murya siririya. A jitar zamani wannan murya tana wajen kaɗawa 100 a daƙiƙa guda, kuma ita ce ke tallafa wa tsirkiyoyi masu kaurin amo. Ashe kafar sauti hanci ce, da ita akwatin ke numfashi.

Ina ya kamata a huda?

A nan akwai abu biyu da ya kamata a rarrabe. Game da numfashin akwati, wurin kafar bai cika damuwa ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka zangon sauti mai kaɗawa 100 ya haura mita 3, ya ninka akwatin sau da yawa. Iskar ciki tana matsewa ne baki ɗaya, ko a gaba aka huda ko a gefe za ta sami hanya. Amma game da fuskar akwatin, wurin shi ne kome. Duk inda aka huda an rage abin da zai yi rawa, an kuma raunana abin da ke ɗauke da nauyi. Jan da tsirkiyoyi 6 na ƙarfe ke yi wa jitar zamani ya kai kimanin kilo 70. Wannan ne ya sa ake barin faffaɗan ɓangaren da jaki ke zaune a kansa ba tare da huda ba, a matsar da kafar can wajen wuya, a kuma tokare ta da 'yan sanduna ta ciki. Kamfanin Ovation na Amurka ya ƙara matsawa a jitarsa mai suna Adamas ta 1976, inda ya yi ƙananan kafofi a kafaɗu biyu, ya bar tsakiya a cike.

Abin da magabata suka yi

Yanzu mu dubi goge, irin wanda Garba Liyo na Funtuwa ya yi suna da shi. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, jaki na zaune a kan fatar, kafar kuma an yanka ta a gefe guda, ba a ƙarƙashin jaki ba. Da an huda a tsakiya, da jaki ya rasa wurin zama, fatar kuma ta saki. A garaya da molo wata dabara aka yi. Sandar ba ta ratsa jikin ta fita ba, tana tsayawa ne a wata huda da ke kusa da ƙarshen fatar, a nan ake ɗaure tsirkiyoyi. Huda ɗaya ta yi aiki biyu ke nan, ga maɗauri ga numfashi, sandar kuma ta ɗauke wa fatar yawancin ja. Shi kuwa kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, irin wanda ake yi ne da gwangwanin kifi da fata, da tsirkiya guda. Cikinsa ƙarami ne, shi ya sa muryarsa ke da siranta da kaifi. Wanda ya raina jitar gwangwani sai ya tuna da inda kuntigi ya kai mai shi.

Siffar kafar ma tana da tasiri. A 2015 masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Nicholas Makris, sun nuna cewa iska ta fi gudu a gefen kafa bisa ga tsakiyarta. Don haka doguwar tsaga ta fi zagayayyar huda mai faɗi ɗaya da ita fitar da amo. Sun gano cewa maƙeran gogen Turawa na birnin Kiremona a Italiya, su Amati da Stradivari da Guarneri, sun yi ta tsawaita tsagar sannu a hankali, zuriya bayan zuriya, kunne na yi musu jagora.

Ga mai son ƙera tasa, shawarwari huɗu suka fito daga wannan bayani. Na farko, kada a huda kusa da jaki. Na biyu, tun da sanda ke bi ta tsakiyar akwatin, a yi kafar a kusurwa ta wajen wuya, ko a jikin gefe. Na uku, a fara da ƙaramar huda, a kaɗa, a saurara, sa'an nan a ƙara, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Na huɗu, a guji tsattsaga fuska da ƙananan hudojin ƙusa barkatai, gama iska tana gajiya a cikin matsatsiyar hanya.

Kammalawa

Abin da Helmholtz ya rubuta da lissafi, mai haɗa goge ya riƙe shi a kunne da yatsu. Sai dai ilmin da ba a rubuta ba yana bin mai shi kabari. Ina kira ga ɗalibanmu su je wurin waɗannan masu sana'a, su auna, su tambaya, su rubuta kalmomin da suke amfani da su. Ina kuma kira ga ma'aikatan ilmi su sani cewa malamin firamare da ke da kwalba da galan da waya yana da abin da zai koyar da kimiyyar sauti da shi, cikin harshen da yaro ya tashi da shi.