Jinga a Asibitocin Amurka

Duk manomin da ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago ya san bambancin kuɗin yini da jinga. In kuɗin yini ne, da rana ta faɗi sai biya, ko kunya goma aka nome ko talatin. In jinga ce, an yi ciniki kan gonar ɗungurungum, sai ka ga mutum ya sammako da fartanya wasasshiya, don ɓata lokaci a kansa zai ƙare.

A Amurka an daɗe kowa na kai takardar kuɗinsa daban: asibiti da tasa, likita da tasa, gidan jinyar da ake tura mara lafiya bayan sallama shi ma da tasa. Babu mai lissafin jimilla. A watan Afrilun 2016 Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati mai kula da tsofaffi, ta ɗora wa asibitoci a yankunan birane 67 jinga kan tiyatar sauya gwiwa da ƙugu. Aka yanka farashi ɗaya, tun daga kwanciya har kwana 90 bayan sallama. Asibitin da ya kashe ƙasa da haka ya samu rabo, wanda ya zarce ya mayar da kuɗi.

Binciken da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2019 ya gano ragin kusan dala 800 a kowace tiyata, wato kashi 3 cikin ɗari, kuma matsalolin bayan aiki ba su ƙaru ba. Yawancin rarar daga wuri guda ta fito: an rage tura mutane gidajen jinya, aka mayar da su gida. Ba ta taka kara ta karya ba, musamman in aka cire ladan da aka biya asibitoci, amma tsoho ya warke a ɗakinsa ma riba ce.

Abin da ke damuna shi ne halin ɗan jinga: yana gudun gonar da ƙiri-ƙiri ya cinye, yana kuma iya binne ciyawa don ya gama da wuri. Asibiti ma zai iya kauce wa mai rauni, mai ciwon suga ko na zuciya, ko ya gaggauta sallama. Shi ya sa Medicare ta haɗa ladan da makin ingancin aiki.

Jinga tana kyau inda gona ke da iyaka, kamar tiyatar gwiwa, kuma sai mai gona yana zagayawa da kansa.