Wankan Karnuka da Askinsu: Sana'ar da Ke Bukatar Sani Kafin Jari

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya zaga manyan unguwanni irin su Maitama da Asokoro a Abuja, ko Barnawa a Kaduna, ko Bompai a Kano, da wuya ya wuce gidaje da yawa bai ji haushin kare daga bayan katanga ba. Galibin waɗannan karnuka ba irin namu na gida ba ne masu gajeren gashi, waɗanda mafarauta ke fita daji da su. Baƙi ne, watau irin su Alsatian da Rottweiler na Jamus, da Boerboel na Afirka ta Kudu, da wani jibgege mai yalwar gashi daga tsaunukan Caucasus, da ɗan ƙaramin nan Lhasa wanda asalinsa Tibet. Masu su sun saye su da tsada domin gadi ko sha'awa, amma kaɗan ne daga cikinsu ke da lokaci ko sanin yadda za a kula da jikinsu. Nan ne wata sana'a ta samu ƙofa, watau wankan karnuka, da taje musu gashi, da aski, da yanke farce.

A Ingila sana'ar ta daɗe, har makarantu ke ba da takardar shaida a kanta, kuma tun 1891 ake gasar nuna karnuka da ake kira Crufts. Can ƙawa ce kan gaba. A ƙasarmu kuwa lafiya ce, domin abin da ya fi kai mai kare wurin mai wanki shi ne kaska da ƙuma da ƙazuwa.

Kaska kan laɓe a cikin kunne da tsakanin yatsu da ƙarƙashin wuya, tana shan jini, tana kuma sa wa kare cututtukan da ke ƙarar masa da jini har ya rame ya daina cin abinci. Akwai kuma wani ƙuda da ke yin ƙwai a rairayi ko tsumman da kare ke kwanciya a kai, tsutsarsa ta huda fata ta zauna ciki kamar maruru. Mai wanki shi ne mutumin da ke bin jikin dabbar da hannunsa tun daga kai har wutsiya, saboda haka sau da yawa shi ke fara ganin waɗannan abubuwa kafin mai gida.

To, amma ganin ciwo daban, maganinsa daban. Yin allura da rubuta magani aikin likitan dabbobi ne wanda ya yi rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, kuma mai wankin da ya tsallaka wannan iyaka ya jefa kansa cikin rigima. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wasu kan ɗauki maganin sauro na fesawa, irin wanda ake kira fiya-fiya, su zuba a ruwan wanka wai don kashe kaska. Wannan guba ce da ke ratsa fata, tana iya kashe karen, tana kuma iya kwantar da wanda ya yi wankan. Ko maganin kaska na gaskiya ma yana da awonsa, kuma likita ne ya kamata ya faɗi adadin da za a tsarma. Sabulun mutane shi ma bai dace ba, gama fatar kare ta bambanta da tamu, yakan busar da ita ya jawo ƙaiƙayi.

Babban haɗarin da ke cikin sana'ar kuwa shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma mafi yawa ta hanyar cizon kare ne. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu tsira. Mutumin da zai riƙa sa hannu a kunne da ƙafafun karnukan da ba su san shi ba, lalle wata rana zai gamu da cizo ko yaƙushi. Saboda haka kafin ya sayi ko almakashi ɗaya, ya fara zuwa asibiti a yi masa allurar rigakafin da ake yi wa masu aiki da dabbobi. Sa'an nan ya kafa doka a wurinsa, kada a karɓi kare sai an nuna katin rigakafinsa, ko da mai shi wane ne. Maganin ba sai an nemo shi daga ƙetare ba, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana cikin masu yin sa. Idan kuwa cizo ya auku, sai a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ba a tsaya jiran a ga abin da zai biyo baya ba.

Game da jari, abin bai kai yadda ake zato ba. Baho babba, da tebur mai ƙarfi wanda ba ya santsi, da buroshi da mataji, da almakashi da injin aski, da abin yanke farce, da tawul, da safar hannu, da takunkumi iri-iri gwargwadon girman baki, su ne tushe. Abin da ya fi wuya shi ne ruwa da wuta, da kuma wurin da maƙwabta za su haƙura da haushi. Dalili ke nan mai farawa zai fi samun sauƙi idan ya ɗaure kayansa a babur ya riƙa bin gidaje, ya yi aikin da ruwan mai gida. Rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni ana yin ta ta intanet.

Koyo ba shi da gajeriyar hanya. Wanda ke so ya nemi zama a asibitin dabbobi na wasu watanni, ya ga yadda ake riƙe kare mai faɗa, ya koyi karanta kunne da wutsiya da gurnani. Akwai ƙananan abubuwa da sai a hannu ake gane su. Alal misali, a cikin farcen kare akwai jijiya mai jini, in aka zurfafa yanka sai jini ya ɓalle, karen kuma ba zai ƙara yarda a taɓa masa ƙafa cikin sauƙi ba. Haka nan masu gida da yawa kan ce a yi wa Alsatian ƙwal-kwabo lokacin bazara don ya sha iska. Kuskure ne. Gashinsa ruɓi biyu ne, na saman yana kare fata daga rana, abin da ake so shi ne a taje mataccen gashin ƙasa ya fita. Kare ba ya gumi kamar mutum, ta haki yake fitar da zafi, don haka ɗaure shi a rana ko a gaban na'urar busarwa mai zafi na iya halaka shi cikin ɗan lokaci.

Saura maganar da mai karatu ke jira, watau idon jama'a. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a ƙasar Hausa ana ƙyamar kare, har sunansa zagi ne, kuma saurayin da ya ce wankan karnuka ne sana'arsa zai sha tambaya ran da ya je neman aure. Sai dai a mazhabar Malikiyya da aka fi bi a nan, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai, kuma an yarda a ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Kan ajiye shi don sha'awa kurum, malamai suna da magana mai tsanani. Wannan ya sa kasuwar ta fi faɗi a Jos da Abuja da kudancin Kaduna, ta kuma ƙuntata a cikin tsofaffin birane, inda abokan ciniki ba za su wuce kamfanonin gadi da baƙi da 'yan gidaje a unguwannin bayan gari ba. Mai niyya ya fara ƙirga gidajen da ke da karnuka a inda babur ɗinsa zai iya kaiwa, ya kuma gabatar da kansa ga likitan dabbobin yankin, domin daga wurinsa ne masu karnuka suka fi jin sunan wanda za su amince wa. Aiki ya fi yawa da damina, lokacin da kaska ke yaɗuwa, dogon gashi kuma ke cukuikuyewa da laka.