Sauyin Manhajar Motsa Jiki: Abin Lura Daga Rufe Endomondo

Gabatarwa

Hausawa kan ce sabo turken wawa. Ko da yake maganar ta yi tsauri, akwai ƙamshin gaskiya a cikinta idan aka dubi yadda mutanen wannan zamani suke shaƙuwa da manhajojin da ke cikin wayoyinsu na hannu. Daga cikinsu akwai masu ƙidaya taku, da auna nisan tafiya ko gudu, da adana tarihin motsa jikin mutum na shekara da shekaru. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da kan faru idan aka rufe irin wannan manhaja aka kawo wata a madadinta, tare da kafa hujja da labarin Endomondo.

Tashin Endomondo da Faɗuwarta

An ƙirƙiro Endomondo a ƙasar Denmak cikin shekarar 1 ta bayan 2006, watau 2007. Aikinta shi ne bin sawun mai gudu ko mai tuƙa keke ta hanyar taurarin ɗan'adam, sannan ta nuna masa nisan da ya ci, da lokacin da ya ɓata, da taswirar hanyar da ya bi. A 2015 kamfanin Under Armour na Amurka, mai yin tufafin wasanni, ya saye ta a kan dala miliyan 85, lokacin tana da masu rajista wajen miliyan 20. Amma tun 2013 kamfanin ya riga ya mallaki MapMyRun, wadda aikinsu kusan ɗaya ne. Da ya ga riƙe biyun ɗawainiya ce, sai ya rufe Endomondo a ƙarshen Disamba 2020, ya umarci jama'a su koma MapMyRun, ya kuma ba su wa'adi zuwa ƙarshen Maris 2021 su kwashe bayanansu kafin a share. Ita ma MapMyRun ɗin an sayar da ita ga wani kamfani a 2024. Wannan ya nuna cewa manhaja haja ce ta kasuwa, ribar mai ita ke raya ta, ba ƙaunar masu amfani da ita ba.

Abin da Ake Rasawa

Asarar farko ita ce ta tarihi. Mutumin da ya shekara bakwai yana sassarfa kowace safiya, duk bajintarsa tana ajiye ne a rumbun kamfani, ba a hannunsa ba. Ta biyu ita ce ta abokan tafiya, domin a tsohuwar manhaja akwai waɗanda ake gasa da su, ana yi wa juna kirari, kuma idan aka watse ba lalle ne a sake haɗuwa wuri guda ba. Ta uku, wadda ta fi su haɗari, ita ce karyewar al'ada. Wanda ya saba da muryar da ke sanar da shi cikar kowace kilomita, in ya daina jin ta, zuciyarsa kan yi sanyi, har ya wayi gari ya bar motsa jikin ɗungurum. Mai fama da hawan jini ko ciwon sukari, wanda likita ya ɗora a kan tafiyar ƙafa, shi ne wannan sanyin jiki ya fi cutarwa.

Dalilin Saɓanin Alƙaluma

Sau da yawa sabon shiga kan tarar da cewa hanyar da tsohuwar manhaja ke ba shi kilomita 5, sabuwar ta rage ko ta ƙara. Ba jikinsa ne ya sauya ba, ma'aunin ne. Waya kan ɗauki matsayin mutum bayan kowane ɗan lokaci, sai manhaja ta haɗa ɗigogin ta fitar da nisa, kuma kowane kamfani da irin dabararsa ta gyara kuskuren da dogayen gine-gine da itatuwa ke jawowa. Kazalika wata manhajar kan tsayar da agogo idan mutum ya tsaya, wata kuwa ta ci gaba da ƙirga. Adadin kalori da ake cewa an ƙone kuwa kirdado ne kurum, wanda ake yi daga nauyin mutum da shekarunsa da saurinsa. Saboda haka gwada alƙaluman manhajoji biyu tamkar gwada mudun kasuwanni biyu ne, hatsin ɗaya, awon daban.

Hanyar Sabawa

Abu na farko shi ne kwashe bayanai tun wa'adi bai cika ba. Yawancin manhajoji suna barin a sauke tarihin a sigar GPX ko TCX, wadda wasu irin su Strava ke karɓa, kuma ya kyautu a ajiye kwafi a kwamfuta. Na biyu, a shigar da nauyi da tsawo da shekaru daidai. Na uku, a bi sananniyar hanya sau da dama da sabuwar manhaja, domin a kafa sabon mizani. Na huɗu, a duba wanda aka yarje wa ganin taswira, don kuwa tana iya tona ƙofar gidan mutum da lokacin fitarsa. Daɗin daɗawa, kada a sauya lokacin fita ko hanya a makonnin farko, domin sauyi biyu a lokaci guda ya fi wuyar ɗauka.

Kammalawa

Taku 10,000 da manhajoji da yawa ke ɗora wa mutane ya samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙidayar taku da aka sayar a Japan a 1965. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a shawararta ta 2020, cewa ta yi baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, abin da agogo da littafin rubutu suka isa su lissafa. Ashe ke nan manhaja magatakarda ce kawai. In an sauya magatakarda sai a miƙa wa sabon littafin, aiki ya ci gaba, domin amfanin tafiyar da aka yi yana nan a zuciya da huhu da ƙafafu, inda babu kamfanin da zai iya share shi.